Malam Tukur da Irin Gyaɗar Toranke

A Toranke, cikin ƙasar Ajingi, akwai wani dattijo da ake kira Malam Tukur Mai Tsumma. Baƙon da ya ji wannan laƙabi zai zaci talauci ne ya jawo masa shi, alhali mutum ne mai rufin asiri, mai tsabta, wanda ba a taɓa ganinsa a sahun masallaci da riga mai datti ba. Aikinsa ne ya ba shi sunan. Kowace damina, da zarar gyaɗa ta fara fure, yakan cika aljihunsa da yage-yagen tsumma ya shiga gona yana bin kunya-kunya a sunkuye. Duk gindin da ya ga ganyensa lafiyayye ne, bai murɗe ba, ya kuma riga 'yan'uwansa fure, sai ya kafa kara a gefensa ya ɗaura tsumma. Ranar cira, waɗannan ake fara tugewa, a shanya su daban, a tsinke su daban, a kai su rumbu da ɓawonsu. Su ne iri. Sauran gonar ta ci ce da kasuwa.

A wurin mahaifinsa ya gaji wannan aiki. Yana ɗan shekara goma sha biyar aka yi annobar kuturtar gyaɗa, wadda ta kwantar da gonaki daga nan har inda ido bai kai ba. A gonarsu gindi bakwai ne kacal suka tsaya da lafiyarsu. Mahaifin ya yage bakin rawaninsa ya yi musu alama, ya hana kowa taɓa ko ƙwaya ɗaya, duk da gidan ana cikin matsi. Daga waɗannan bakwai ɗin aka samo gyaɗar da Tukur ya shafe kusan shekara hamsin yana tacewa: gajeriya, mai saurin nuna, ɓawonta da ɗan tsukakken ƙugu, ƙwayarta ja mai haske, ga mai. Ba shi da digiri, karatunsa na allo ne da 'yan littattafan fikihu. Amma ya san abin da masu ilimi da yawa ke mantawa, wato iri abu ne mai rai, yana numfashi, kuma wanda ya yi masa riƙon sakaci shekara ɗaya yana iya rasa aikin shekara hamsin.

Bai taɓa sayar da iri ba. Wanda ya zo nema yakan ba shi kwano guda, ya haɗa masa da sharaɗi: kada ya gauraya da wata gyaɗa, kada ya ɓare sai ranar shuka ta matso. Mafi yawansu sukan ce to, su je su gauraya. Gidaje goma ne a unguwarsu suka riƙe sharaɗin yadda ya kamata. Sai kuma mutum ɗaya a waje, wato Barira, 'yar kawunsa, wadda ke aure a Balan ta ƙasar Gaya, tana sana'ar man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Shekara ashirin da suka wuce ta zo suna Toranke, ta tafi da kwano guda a ƙullin zaninta.

Wanda bai san tsakanin Gaya da Ajingi ba, ba zai gane abin da ya biyo baya ba. Gaya tsohon gari ne mai suna, ya fi girma, ya fi jama'a, kuma duk mai zuwa daga birni sunansa ya fara ji. Ajingi ƙanƙanuwa ce a gefensa. Mutanen biyu suna auratayya, suna cin kasuwannin juna, suna zuwa jana'izar juna, amma wannan bai hana ɗan Ajingi jin cewa ana kallonsa ta ƙarƙashin hammatar Gaya ba. Abin da ya fi ci musu rai shi ne wani gidan rediyo mai zaman kansa a birnin Kano, wanda kusan kowane manomi ke ratayawa a reshen bishiya yana noma. Wakilin gidan, wani mai suna Hadi, a Gaya yake zaune. Mutanen Toranke sun daɗe da lura cewa idan abin kirki ya faru a wajensu sai a ce "a yankin Gaya", idan kuwa rijiya ta rufta ko an yi rikicin makiyaya, nan da nan za a tuna da sunan Ajingi, har da sunan ƙauyen.

Adalci ya wajaba ko ga wanda aka ji haushinsa. Hadi ba maƙiyin kowa ba ne. Mutum ne da aka ɗora wa ƙasa mai faɗi, babur ɗinsa tsoho, editansa kuma yana son sunan da mai sauraro a birni zai gane ba tare da tambaya ba. Labarin alheri a kasuwar Gaya yake tarar da shi yana zaune, sai ya ba shi sunan inda ya same shi. Labarin masifa kuwa dole ya taka ya je wurin, don haka yake dawowa da sunan wurin daidai. Lalacin ƙafa ne, ba ƙiyayya ba. Sai dai wanda aka shafe sunansa ba ya jin bambancin, kuma ba a ce ya ji ba.

Wata Laraba da kaka, bayan la'asar, Malam Tukur na zaune a ƙofar gida yana tsinkar gyaɗa, rediyo na gefensa, aka shiga shirin manoma. Sai ya ji Hadi yana ba da labarin wata gyaɗa mai albarka da ta fito a Balan, mai jure cuta, mai nuna kafin ruwa ya ɗauke. Aka sako muryar wata mata tana bayanin yadda ake ɗaura tsumma. Muryar Barira ce, ko a cikin barci zai gane ta. Mai gabatarwa ya rufe da cewa wannan iri, wanda ya kira 'Yar Gaya, abin alfahari ne ga mutanen Gaya da suka gaje shi kaka da kakanni. Ba a ambaci Toranke ba, ba a ambaci Tukur ba, balle mahaifinsa da ya yage rawani.

Aka buɗe layin waya. Malam Tukur, wanda bai taɓa kiran rediyo ba a rayuwarsa, ya kira, kuma aka yi rashin sa'a layin ya shiga. Da gaskiya ya fara, ya faɗi asalin irin dalla-dalla. Da ya tsaya nan, da babu mai ganin laifinsa. Amma da ya ji mai gabatarwa yana cewa, "To Baba, ai Gaya da Ajingi duk ɗaya ne," sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce mutanen Gaya ba su iya komai ba sai zama a bakin titi suna lanƙaya wa kayan mutane suna, kuma daga yau ko ƙwaya ɗaya ta irinsa ba za ta sake tsallaka iyaka ba. Rabin ƙasar ta ji shi.

A Toranke ya zama gwarzo. Mutanen da shekara da shekaru ba su gaishe shi da kirki ba suka riƙa tsayar da shi a hanya suna cewa ya wanke musu zuciya. Yabo irin wannan yana da haɗari ga mai hankali fiye da wawa, domin mai hankali ya iya tsara hujja. Malam Tukur ya zauna ya tsara tasa. Idan iri yana warwatse a rumbuna goma sha ɗaya, har da nasa, wani zai shiga matsi ya kai kasuwar Gaya. Saboda haka a tara shi wuri guda. Rumbun kara ba ya kulluwa, saboda haka a sa shi a shagonsa na bulo mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe. Shagon ba zai ɗauki buhunan gyaɗa mai ɓawo ba, saboda haka a ɓare ta, a zuba tsabar a gangunan ƙarfe guda uku, a toshe bakinsu. Kowane mataki ya fito daga na gabansa kamar lissafin gado, kuma duk a kan ruɓaɓɓen tushe aka gina su.

Maƙwabcinsa Usaini ne kaɗai ya yi magana ranar da aka taru a kan shawarar. Ya ce, "Malam Tukur, ba kai ne ka hana mu ɓarewa ba? Ni fa har mari na taɓa sha a gidanmu a kan wannan."

"Na bana kawai ne, Usaini. Ganga a toshe take, ƙwaro ba zai shiga ba."

"Ƙwaron ba zai shiga ba. Zafin fa?"

Aka yi masa caa, wani ya ce ko matarsa 'yar Gaya ce. Usaini ya kawo nasa buhun kamar kowa. A cikin gida ma matar Malam Tukur, Lauratu, ta ce, "Malam, Barira ta kira sau uku." Ya ce ba shi da abin faɗa mata.

Aka ci rani, bazara ta shigo da zafin da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da rana tsaka ƙofar shagon ba ta taɓuwa da hannu. Malam Tukur yakan wuce ta gabanta ya ji wani abu na sukar ransa, sai ya dubi kwaɗon da ke rataye ya ce ai komai na nan a kulle. Sanin da ya gada yana ce masa ya buɗe, alkawarin da ya yi a gaban duniya yana ce masa ya bari.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ya yi abin da ya saba yi kowace shekara. Ya ɗebi ƙwaya ashirin daga kowace ganga, ya jera su a jiƙaƙƙen tsumman buhu, ya naɗe, ya ajiye a gindin randa. Tun daga buɗe gangar farko warin tsohon mai ya buge shi, amma ya daure. Bayan kwana biyar, da hantsi, ya warware. A ƙunshin farko biyu suka fasa. A na biyu ɗaya. A na uku babu ko ɗaya, sai furfura da ta lulluɓe su. Ya sake gwadawa, ya sake jira, sakamakon bai canja ba.

Ya daɗe zaune a kan turmi da tsumman a hannunsa. Ba gonarsa yake tunani ba. Gidaje goma ne suka miƙa masa irinsu saboda sun yarda da shi, ruwa kuma bai fi mako biyu ya sauka ba. Gindi bakwai ɗin da suka tsira daga annoba da yunwa, shi da hannunsa ya dafa jikokinsu a ganga.

Lauratu ta tsaya a kansa. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, ko da yake tana da ikon faɗa. Ta ce, "Malam, kwano guda ya fita daga gidan nan shekara ashirin da suka wuce."

"Da wace fuskar zan je?"

"Da wadda ka kira rediyo da ita. Ita kaɗai gare ka."

Ya tara masu gidajen nan goma a zaurensa bayan azahar, ya shimfiɗa tsumman a gabansu, ya faɗi abin da ya faru ba tare da ya raba laifin da zafin bana ba. Ya ce Usaini ya yi gaskiya, shi ya yi kuskure. Wasu suka yi salati, wani ya tashi ya fita. Washegari da sassafe Usaini ya fito da babur ɗinsa ya ce, "Hau mu je. Idan za a kore ka, gara a kore ka da shaida."

Abu biyu ya riƙa juyawa a hanya. Na farko, ko Barira za ta saurare shi. Na biyu, wanda ya fi tsorata shi, ko irin da ke hannunta yana nan da tsarkinsa. Mai sana'ar mai gyaɗa iri-iri ke shiga gidanta, kuma shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce. Idan ta gauraya, to ko ta ba shi rumbun gaba ɗaya, abin da ya rasa ya tafi.

Suka tarar da ita a tsakar gida tana murza tunkuza. Tsakanin ɗan mace da 'yar namiji akwai wasa, kuma Barira ba ta taɓa barin nata ya kwana ba. Ta ɗago ta dube shi sama da ƙasa.

"Lale da bawan gidanmu! Kai ne a ƙasar masu zaman bakin titi? Usaini, ka nema masa takardar izini kuwa, ko ta daji kuka biyo?"

"Barira, mu gaisa tukuna."

"Mu gaisa mana. Na ji ka zama ɗan jarida. Har maƙwabtana suka zo suna tambaya ta wai wannan mai kumfar baki ɗan'uwana ne. Na ce a'a, tsintarsa muka yi."

Ya gaishe ta, ya tambayi maigidan da yara. Sannan ya ciro tsumman daga aljihu ya warware a gabanta. Ta dubi ƙwayoyin da suka yi baƙi, ta ɗauki ɗaya ta murje ta shinshina. Dariyar ta bar fuskarta.

"Ɓarewa ka yi?"

"Na ɓare. Na sa a ganga, a ɗakin kwano."

"Kai, Tukur? Duka?"

"Har da na gida goma."

Ta wanke hannunta a hankali. Ta ce, "Bari ka ji abin da na kira ka sau uku in faɗa maka. Ranar da mutumin nan ya zo da na'urarsa, sau biyu na ce masa daga Toranke na samo, a hannun ɗan gwaggona. Har sunan Baba na faɗa masa, da zancen rawani. Da aka sako, babu ko ɗaya. Na kira shi, ya ce wai lokaci ne ya yi kaɗan, a birni aka yanke. Kai kuwa ba ka tambaye ni ba, ka hau iska ka zage mu gari guda."

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na zalunce ki. Ki yafe mini."

"Zan duba. Taso."

A bayan ɗakinta akwai rumbun kara a kan duwatsu, ƙarƙashin inuwar darbejiya. Ta sa aka ɗaga hular rumbun, ta zura ƙwarya ta ɗebo. Gyaɗa ce da ɓawonta, a bushe, tana ƙara idan an girgiza. Malam Tukur ya tsuguna ya baza ta a faifai. Ya bi ta ɗaya bayan ɗaya kamar mai duba rubutu, yana neman doguwa ko mai kauri da za ta nuna an gauraya. Ya sa aka ɗebo daga ƙasa, aka ɗebo daga gefe. Duk ƙugunsu a tsuke. Ya fasa goma, duk ja mai haske. Ya ajiye faifan.

Barira ta ce, "Ta mai a ɗaki take, ta iri a nan. Ba ta taɓa haɗuwa ba. Tsummokaran gidan nan duk sun ƙare a gona, har ɗankwalina sabo na taɓa yagawa."

Buhu biyu ne a rumbun, kuma ita ma tana da gonar shukawa. Amma a nan ne abin da ya fi ba shi kunya ya bayyana. Tun da rediyo ta ce gyaɗar ta Gaya ce, manoman Balan da ba su taɓa kula ta ba suka yi ta zuwa nema, kowa na son abin garinsu. Barira ta ba gida tara daga girbin bara, da sharaɗin da aka ba ta, kuma ba su kai ga shukawa ba tukuna. Ta aika musu. Kafin la'asar, bakwai daga cikinsu suka zo, kowa da rabin abin da aka ba shi. Wani dattijo ya juye nasa a buhun ya ce, "Ga shi, Malam. Daga bakin titi muka taso muka kawo maka." Aka yi dariya, Malam Tukur ma ya yi, idonsa na ƙasa.

Ba a wanke kuskuren gidan rediyon da wannan ba. Sun yanke gaskiya, kuma yanke gaskiya laifi ne ko da alheri ya biyo bayansa. Abin da za a iya cewa kawai shi ne, irin ya rayu ne a inda aka bar shi ya yaɗu, ya mutu a inda aka kulle shi don kare sunansa.

Da za su tafi, Barira ta ce tana da sharaɗi. Idonta ya fara rauni, bara sau biyu ta ɗaura tsumma a gindin da bai cancanta ba. Duk damina zai zo Balan ya bi mata kunyoyinta, da na gidajen nan tara. Ya ce ya ɗauka. Ta ce, "Kuma da rana za ka zo, ta tsakiyar gari, kowa ya gan ka."

A gida ya sake naɗe ƙwaya ashirin a gindin randa. Kwana biyar ɗin nan bai ci abincin kirki ba. Da safiyar na shida ya kira Usaini ya warware a gabansa. Goma sha tara sun fasa, fararen saiwoyinsu sun huda tsumman. Ya ƙirga sau biyu, ya yi hamdala, ya jingina da bango ya rufe ido. Lauratu ta ce tun rasuwar mahaifinsa ba ta ga ya saki kafaɗunsa haka ba.

Abin da aka samo bai isa cika gonaki ba. Kowane gida ya sami na 'yan kunyoyi, aka yarda cewa na bana duk iri ne, ba ci ba sayarwa, sauran filin a sa gero da wake. Asara ce ta gaske, kuma akwai gida biyu da har yau gaisuwarsu da shi ba ta wuce ta masallaci ba. Bai ga laifinsu ba.

Abu ɗaya ya rage masa. Ya je Gaya da ƙafarsa ya sami Hadi, ya ce yana so a gargaɗi manoma kada su ɓare iri su toshe a ganga a ɗakin kwano, kuma a faɗi cewa shi ne ya yi. Ranar Laraba, kwana biyu bayan ruwan shuka ya sauka, suna gona shi da Usaini, rediyo na rataye a reshe, sai aka ce wani manomi a Toranke ta ƙaramar hukumar Ajingi, Malam Tukur Mai Tsumma, ya yi asarar ganga uku ta iri saboda kuskuren ajiya. Sunan garin daidai, sunansa daidai, har da laƙabi.

Usaini ya dafa sungumi ya ce, "To, yau dai sun san hanyar Toranke."

Wayar Malam Tukur ta yi ƙara a aljihu. Ya san Barira ce, ya kuma san abin da za ta ce. Ya ce wa Usaini bari ya kai ƙarshen kunyar nan tukuna. Ya jefa ƙwaya a rami, ya rufe da diddige, ya matsa gaba.